Motar Sharon: Abin da Masu Ita Suka Gaya Mana

'Yan'uwa manoma, kowace shekara bayan kaka, in an sayar da masara ko citta ko dankalin Turawa, akan sami ɗan kuɗi a hannu. A lokacin ne maganar mota takan taso a taron ƙungiya. Tambayar kuwa ɗaya ce: wace mota ce za ta ɗauki iyali duka, ba ta kuma fi ƙarfin aljihun manomi ba? Sunan da ya fi fitowa daga bakin mutane shi ne Sharon. Saboda haka muka zauna da waɗansu 'yan'uwa da suka daɗe da ita, muka haɗa da abin da muka gani a tamu ta ƙungiya. Ga abin da muka koya.

Asalinta

Sunanta na ainihi Volkswagen Sharan, bakinmu ne ya mai da shi Sharon. An fara ƙera ta a 1995 a garin Palmela na ƙasar Fotugal, a wata masana'anta da kamfanin Volkswagen da na Ford suka kafa tare. A nan ne kuma aka ƙera 'yan'uwanta biyu, wato Ford Galaxy da SEAT Alhambra. Jikinsu ɗaya ne, tambari ne ya bambanta. An yi mata gyaran fuska a shekara ta 2000, aka daina yin wannan samfuri na farko a 2010. Shi ne kuwa ya cika tashoshinmu, daga Jos zuwa Kaduna, daga Kano zuwa Maiduguri.

Sai mu lura da wannan tun da fari. Motar da dillali zai kira "sabuwa, Beljiyam" ta riga ta gama aiki a hannun wani iyali a Turai kafin ta hau jirgin ruwa. Waɗansu ma sun girmi 'ya'yanmu da suka yi aure. Tsufan nan ne ya sa take da arha.

Abin da suke yabo

Duk wanda muka tambaya da kujeru ya fara. Tana ɗaukar mutum bakwai har da direba, kowa da kujerarsa. Kujeru biyar na baya kuwa ana iya cire su ɗaya ɗaya. Wani magidanci mai 'ya'ya biyar ya ce tun da ya saye ta bai ƙara raba iyalinsa kan babura uku ba in za su biki ko jana'iza. Wata uwa kuma ta tuna daren da naƙuda ta kama surukarta. Aka cire kujeru biyu, aka shimfiɗa katifa, aka kai ta asibiti a kwance. Da a ce babur ne kaɗai a ƙauyen, ba mu san yadda labarin zai ƙare ba.

Abu na biyu shi ne kayan gyara. Da yake 'yan haya sun rungume ta, ba a shan wahalar samun kayanta a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, makanikai da yawa kuma sun san ta ciki da waje. Sai dai a kula: waɗansu Galaxy injin Ford ne a cikinsu, don haka ba kowane abu na injinsu ne zai shiga Sharon ba.

Inda muka yi kuskure

Ba za mu ɓoye namu laifin ba. Shekarar da muka sayi tamu, muka ce ai ta hutar da mu kuɗin hayar a-kori-kura. Ranar kasuwa muka cire kujerun baya duka, muka ɗora buhun masara goma. Bayanta ya zauna har salansa tana shafar ƙasa. A hanyar burji, inda ruwa ya zaizaye, ƙasan injin ya daki dutse, baƙin mai ya fara tsiyaya. Jar fitila ta kama a gaban direba, amma muka ce ya lallaba, gama kasuwa ta kusa. Ba mu kai ba. Injin ya buga, sifirin na baya ɗaya ya karye. Kuɗin masarar duka a gareji ya ƙare, muka kuma ƙara da na asusun taki.

Da mun yi lissafi kaɗan, da ba mu shiga wannan hasara ba. Mutum bakwai, in kowanne ya kai kilo 70, nauyinsu kilo 490 ke nan. Buhun masara ɗaya kilo 100 ne, buhun taki kuwa kilo 50. Buhu goma na masara kilo 1,000 ne, wato mun ninka nauyin mutum bakwai har da ɗoriya. Iyakar nauyin da aka yarda ta ɗauka yana rubuce a wani ɗan faranti a jikinta da cikin littafinta, amma ba wanda ya duba a cikinmu. An yi motar nan domin iyali a kan kwalta. Ƙasanta ba shi da tsawo irin na motar kaya. Kada kuma mu yi koyi da masu cusa fasinja tara ko goma a cikinta. Birkin da aka yi domin mutum bakwai ba zai tsai da goma da kayansu a kan lokaci ba.

Maganar mai

Kukan da kowa ya yi shi ne na fetur. Tankinta yana cin kimanin lita 70. A farkon 2023 farashin gwamnati bai kai naira 200 a lita ba, wato da ƙasa da naira 14,000 za a cika ta. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai. Kafin ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000 a wurare da yawa, cika tanki ya koma naira 70,000 ko fiye. Wani ɗan'uwa ya ce tun daga lokacin tasa ta zama ɗakin kaji, sai ranar larura yake tada ta.

Injinanta iri iri ne. Akwai na fetur mai lamba 2.0, da 1.8 mai turbo, da babban nan 2.8 mai silinda shida, sa'an nan akwai na gas mai lamba 1.9. Babban yana da ƙarfi, amma shan mansa sai mai hali. Na gas ba ya sha da yawa, amma yana bukatar mai tsabtatacce da makaniken da ya san shi. Yawancin waɗanda muka tambaya sun fi jin daɗin 2.0 mai giyar hannu, domin gyaransa ba wuya.

Kafin ka biya

Ka tafi da makaniken da ka amince da shi, ba wanda dillali ya kawo ba. Ku sa motar a kan rami ku duba ƙasanta, gama a Turai ana zuba gishiri a kan hanya lokacin sanyi, shi kuwa yana cin ƙarfe. Ku tada injin da safe yana sanyi, ku ga irin hayaƙin da yake fitarwa. Ku yi tafiya da ita har ta yi zafi, ku ga ko ruwan lagireto yana tafasa.

Ka gwada lambar jikin motar da wadda ke cikin takardun kwastan, harafi da harafi. Ka guji wadda aka juya wa sitiyari. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, motar da ta fito daga Ingila kuwa sitiyarinta a dama yake, sai an yi mata aiki a mai da shi hagu. Irin wannan aiki ba kullum yake da aminci ba.

Ka duba shekarun taya. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019 ke nan. Tsohuwar taya takan fashe da zafin rana ko da zanenta bai cinye ba. Bayan saye kuwa, kafin doguwar tafiya ta farko, ka sake baƙin mai da bel ɗin tayimin, gama ba ka san ranar da mai ita na dā ya sake su ba. In bel ɗin nan ya tsinke a kan gudu, musamman a injin gas, ɓarnar takan yi yawa.

Shawararmu

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Wanda ya zuba kuɗin girbinsa duka a saye, bai rage na mai da taya da inshora da gyara ba, ya sayo wa kansa damuwa. Kada kuɗin taki da iri su shiga maganar mota. In damina ta lalace, motar ma ba za ta motsa ba.

Masu ita da muka tarar suna murna, halinsu ɗaya ne: ba sa yi mata lodi, direba ɗaya ke tuƙa ta, suna kuma ajiye wani abu kowane wata domin gyara. Haka muke yi da tamu yanzu. Muna da littafi inda ake rubuta kowace tafiya da man da aka sha, wanda ya aike ta ya biya mai da ɗan kuɗin asusu. Mara lafiya da mai naƙuda su ne kan gaba, ba a tambayarsu kuɗi sai bayan sun dawo. Masara kuwa mun mai da ita ga a-kori-kura.

In ƙungiyarku tana shirin sayen mota bana, ku karanta wannan tare a taronku na gaba, ku yi lissafin shekara guda a kan allo kafin a aiki kowa wurin dillali.