Taya Mai Inci 27.5: Yadda Ake Zana Keken Hawan Duwatsu a Kanta

Duk maƙerin da ya zauna zai zana keken hawan duwatsu, abin da zai fara yankewa shi ne girman taya, domin a kanta ake ɗora sauran komai: tsawon firam, nisan feda daga ƙasa, inda mahayi zai zauna, har da irin hanyar da keken zai ji daɗinta. An shafe shekaru sama da ashirin babu wanda ya damu da wannan tambaya, saboda girma ɗaya ne a kasuwa, inci 26. Yau akwai uku: 26 da 27.5 da 29. Ta tsakiyar ce ta fi jawo gardama, kuma ita ce aka fi yi wa gurguwar fahimta.

Ba injiniya ne ya zaɓi inci 26 ba. A tsakiyar shekarun 1970 wasu samari a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya suka riƙa kwaso tsofaffin kekunan Schwinn masu kaurin taya, suna gangarowa da su daga tsaunukan yankinsu. A 1976 suka fara tseren Repack, a wani gangare da birki kan yi zafi har giris ɗinsa ya ƙone. Joe Breeze ya ƙera firam na musamman don wannan wasa a 1977, kamfanin Specialized kuma ya fito da Stumpjumper a 1981, duk a kan inci 26, don ita ce taya mai kauri da ake samu cikin sauƙi a Amurka a lokacin. Abin da aka samu a hannu shi ya zama ƙa'ida.

Ita kuwa ta tsakiyar tsohuwar aba ce. Faransawa suna kiranta 650B, sun kuma daɗe suna sa ta a kekunan doguwar tafiya da na dakon kaya. Wani Bature ɗan Ingila, Geoff Apps, yana hawa laka da tayoyin Nokian na ƙasar Finlan masu wannan girma, har ya aika wa Gary Fisher da Charlie Kelly, biyu daga cikin samarin Marin ɗin nan, wasu a farkon shekarun 1980, Tom Ritchey ma ya ƙera 'yan firam a kansu. Sai dai tayoyin ba sa samuwa yadda ake so, maganar ta mutu. Ba ta farfaɗo ba sai a 2007, lokacin da wani mai zanen keke, Kirk Pacenti, ya sa kamfanin Panaracer ya yi masa taya mai haƙora a wannan girma. A 2012 Nino Schurter na Suwizalan ya ci gasar kofin duniya a Pietermaritzburg ta Afirka ta Kudu a kan keken Scott mai 650B, ya kuma sami azurfa a Olamfik na Landan. Daga nan kamfanoni suka yi caa a kanta, Giant ma ya juya yawancin kekunansa na hawan duwatsu na 2014 zuwa gare ta, inci 26 kuma ta fara ɓacewa daga manyan kekuna.

Masu talla sun ce tsaka-tsaki ce, ta ɗebo alherin ƙarama da na babba. Awo bai goyi bayansu sosai ba. Idan aka auna rim daga inda bakin taya ke zama, inci 26 milimita 559 ce, 27.5 milimita 584, 29 kuma 622. Ke nan ta fi ƙaramar da milimita 25, babbar kuma ta fi ta da 38. Ta fi kusa da ƙaramar. A nan akwai abin dariya ga duk wanda ya san baƙin keken nan na Raleigh ko Phoenix da iyayenmu ke ɗora buhun hatsi a kai: rim ɗinsa milimita 635 ne, ya fi na inci 29 da ake yi wa kirari girma.

Me girman taya ke canzawa a zahiri? Babbar taya tana haye dutse da sauƙi, domin tana cin karo da shi a kwance-kwance, ba ta kuma faɗawa can cikin ƙananan ramuka. Amma bambancin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Idan aka sa wa dukansu taya mai faɗin inci 2.3, aka lissafa kusurwar da kowacce za ta tari dutse mai tsayin santimita 5, za a sami kusan digiri 31.6 da 31 da 30.2. Daga farko zuwa ƙarshe bai kai digiri ɗaya da rabi ba. Mai tseren da zai yi awa ɗaya da rabi a kan gargada zai ji wannan a cinyoyinsa, shi ya sa Schurter da kansa ya koma inci 29 ya ci zinare a Rio a 2016. Ta wani ɓangaren, ƙaramar taya ba ta da nauyi, tana saurin tashi idan an taka feda, tana saurin kwanciya a kwana, sifokinta gajeru ne don haka wilin ya fi ƙarfi da wuyar lanƙwashewa.

A ganina, babban amfanin 27.5 ba a gudu yake ba. Yana cikin filin da take bar wa mai zane. Taya mai inci 29 tana cin wuri: tana ɗaga gaban keke sama, tana tura ƙafar baya nesa, kuma a ƙaramin firam yatsun mahayi kan taɓa tayar gaba idan ya karya kan keke. Dogon mutum ba ya jin wannan. Gajere kuwa, da yawancin mata da yara masu tasowa, suna ji ƙwarai, musamman a gangare mai tsauri, inda mutum ke ja da jikinsa baya har tayar baya ta goge shi. Shi ya sa wasu kamfanoni ke sa 27.5 a ƙananan firam, 29 a manya, a samfuri guda. Wannan ya fi hankali a kan a ce kowa ya hau abu ɗaya.

To, da za a ba ni takarda a ce in zana keke a kan wannan taya, don mai hawa da sauka a tsaunuka ba mai neman kambun tsere ba, daga gaba zan fara. Kekunan da, fok ɗinsu a tsaye yake, wajen digiri 71, shi ya sa suke saurin kifar da mutum ta kai idan gangare ya yi tsanani. Zan kwantar da shi zuwa 65, tayar gaba ta yi nisa da mahayi, keken ya natsu idan gudu ya kai gudu. Wannan kaɗai ya fi duk wani bambancin inci tasiri, ga shi ita 27.5 da ma mai rawar kai ce, tana bukatar abin da zai lafar da ita. Sai dai kwantaccen fok yana sa gaba ya riƙa yawo a wajen hawa, maganinsa kuma shi ne a miƙe bututun sirdi zuwa digiri 76 ko 77, nauyin mahayi ya matso gaba. Firam ɗin zai yi ɗan tsawo daga feda zuwa kai, ƙarfen da ke riƙe kan keke kuma gajere, milimita 40 zuwa 50.

Baya kuwa nan ne za a ci ribar ƙaramar taya. Nisan da ke tsakanin gindin feda da tsakiyar tayar baya zai iya sauka zuwa milimita 425 ko 430 ba tare da taya ta gogi firam ba. Keke mai gajeren baya yana ɗaga gaba da ɗan ja kaɗan, yana juyawa a matsattsiyar kwana, abin da masu son tsalle-tsalle ke nema ke nan.

Akwai wuri guda da sai an yi taka-tsantsan. Tsakiyar tayar 27.5 tana wajen milimita 350 daga ƙasa, ta 29 tana wajen 369. Tunda ba za a saukar da gindin feda ƙasa sosai ba, don kada feda ta riƙa dukan dutse, gindin fedar keken 29 yana can ƙasa da tsakiyar tayoyinsa, na 27.5 kuwa kusan daidai da su yake. Daga nan ne natsuwar babbar taya ke fitowa. Mai zane zai rage wannan gibi idan ya ɗan saukar da gindin feda, ya kuma gajarta hannun feda zuwa milimita 165 ko 170.

Sauran kayan ba su da wata gardama. Shakazoba mai motsin milimita 140 zuwa 150 a gaba ta wadatar. Sirdi mai sauka da tashi da danna maɓalli ya zama dole. Giya faranti ɗaya a gaba, tsarin da SRAM ya yaɗa daga 2012; sai dai a tuna ƙaramar taya tana sauƙaƙa giya da kusan kashi 5 cikin ɗari, don haka faranti mai haƙora 32 a nan kusan daidai yake da mai 30 a kan inci 29. Taya mai faɗin inci 2.4 zuwa 2.6, marar tub, da ruwan gam a ciki mai toshe huda da kansa. Wanda ya taɓa bi ta kan tsidau da keke ba ya bukatar a yi masa bayanin amfanin wannan. Mai sayen keken gwanjo a kasuwanninmu kuma gara ya tambayi mai faci ko ana samun taya da tub na wannan girma kafin ya biya kuɗi, domin tayar 26 ba ta shiga rim ɗin 27.5.

Kasuwa dai ta sake juyawa. A 2017 ƙungiyar Santa Cruz ta shigo da inci 29 cikin tseren gangare, Greg Minnaar ɗan Afirka ta Kudu ya ci gasar Fort William a kanta, aka fara cewa 27.5 ta gama yayi. Sai hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta halatta haɗa tayoyi masu girma daban-daban daga 2019, a shekarar kuma Loïc Bruni na Faransa ya zama zakaran duniya a Mont-Sainte-Anne ta Kanada da inci 29 a gaba, 27.5 a baya. Tayar gaba ce ke fara cin karo da dutse, ita ke riƙe ƙasa a kwana, don haka girma yana yi mata amfani. Ta baya kuwa ana so ta yi ƙarfi, ta bi juyi da sauri, ta bar wa mahayi wurin ja da baya. Idan mahayin da zan zana wa keke dogo ne, haka zan haɗa masa. Idan bai kai santimita 170 ba, zan bar masa 27.5 gaba da baya.