Yadda Wata Firamaren Ƙauye Ke Tsare Gininta da Ɗalibanta

Makarantar tana bakin gari, tsakanin maƙabarta da gonakin gero, a wani ƙauye na arewacin Najeriya. Jerin azuzuwanta uku ne. Na farko tun zamanin UPE yake, shirin ilimin firamare kyauta da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar a 1976. Na biyu na bulo ne, ya zo bayan dokar ilimin bai-ɗaya, wato UBE, ta 2004. Na uku mutanen gari ne suka ɗora shi da tubali sa'ad da yara suka yi yawa. Babu wanda aka ɗauka aiki don kula da waɗannan gine-gine. Hedimasta ne, da tsohon maigadi da kowa ke kira Baba, da kwamitin makaranta, suka raba nauyin a tsakaninsu, kuma yanayin shekara ne ke faɗa musu abin da za su yi.

Aiki mafi nauyi a bazara yake, kafin hadarin farko. Iskar da ke share wa damina hanya ita ce babbar abokiyar gabar rufin kwano. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, daga ciki take ɗaga shi. Ta taga marar murfi take kutsawa, ta cika aji, ta tura kwano sama har ƙusoshi su saki. Don haka kafintan da akan kira da tagogi yake farawa, sannan ya hau sama ya bi ƙusa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure katakon rufi da rodi a jikin bango. Yakan ƙwanƙwasa kowane katako da guduma, domin wanda gara ta cinye cikinsa a ido lafiyayye ne, amo ne kawai ke tona asirinsa. Wanda ya mutu a cire, wanda ke da sauran rai a shafe shi da baƙin mai. Silin da ya yi ciki saboda yoyo da kashin jemage kuwa, sauke shi ake yi, ko da babu kuɗin sabo. Gara yara su ga kwano tsirara da su zauna ƙarƙashin abin da zai rufto musu.

Damina tana da wata matsala ta daban: dogon hutu a tsakiyarta yake faɗawa. A watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi ƙarfi, babu kowa a harabar sai Baba. Shi ke buɗe kwata don kada ruwa ya kwanta a gindin bango, domin ta ƙasa ruwa ke cin gini, musamman na tubali. Idan ya ga tsaga, ba ya jiran a dawo hutu, yakan taka har gidan hedimasta ya ce, “Malam, a zo a duba bangon gabas.” Sai a yi wa tsagar alama da alli a ƙarshenta, a rubuta kwanan wata. In bayan mako biyu ta wuce alamar, an rufe ajin ke nan, darasi ya koma ƙarƙashin darbejiya har magini ya zo.

Wani zai ce wannan tsoro ya yi yawa. Amma ranar 12 ga Yulin 2024, bene ya rushe a kan ɗalibai a wata makaranta da ke unguwar Busa Buji a Jos, mutum 22 suka rasu. Da wuya gini ya faɗi bai yi gargaɗi ba. Ƙofa takan fara ƙin rufuwa, daɓe ya dare, siminti ya riƙa zubowa daga sama. Abin da ake rasawa shi ne mai gani, da kuma mai ikon cewa a fito da yara.

Kafin a koma karatu a Satumba, akan yi gayya. Manya ne ke shiga ciyawa da adda da lauje, ba a tura yara, saboda kububuwa da kunama. Daga nan a duba shadda, domin ramin da ya sha ruwa yakan zaizaye ta ƙasa, murfin siminti ya zauna a kan iska. A duba murfin rijiya, a cike kududdufin bayan azuzuwa da ke tara sauro, a tsince fasassun kwalabe da ƙusoshin tsofaffin bencina daga filin wasa, inda rabin yaran ke gudu ba takalmi.

Da hunturu ya shigo, hankali kan koma ga wuta. Ciyawa ta bushe, iska na kaɗawa, samari masu neman gafiya na cinna wa daji wuta. Akan share fili mai faɗi a kewayen makarantar don wuta ta rasa abin ci, ba a ƙona shara sai an tashi, kuma murhun masu sayar da ƙosai nesa da azuzuwa yake. Abin da ya faru a Nijar ya isa darasi. A Afrilun 2021 gobara ta kashe yara kimanin 20 a azuzuwan zana a Yamai, a Nuwamban shekarar kuma wata ta kashe aƙalla 25 a Maraɗi. Shi ya sa da aka kawo shawarar kafa rumfar zana don rage cunkoso, kwamiti ya zaɓi inuwar itace.

Makarantar ba ta da katanga. A madadinta an dasa cini-da-zugu da layin darbejiya, suna tare dabbobi da masu babura, suna rage ƙarfin iska, suna kuma nuna iyaka don kada gonar maƙwabci ta riƙa matsowa kowace shekara. Reshen da ya leƙo kan rufi kuwa, sare shi ake yi kafin ya karye.

Batun kuɗi ne ke da ciwo. Doka ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya, UBEC, kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na tarayya, jiha kuma ba ta karɓar rabonta sai ta ajiye nata kason. Ko an karɓa, sabon gini da babbar kwangila aka fi yi da shi, amma kuɗin ƙusa da fatar ƙofa da buhun siminti guda ba su da mai biya. A wannan giɓi makarantu ke lalacewa, mutane na kallo suna cewa ai kayan gwamnati ne.

Mutanen wannan ƙauye sun daina faɗin haka, domin 'ya'yan da ke ciki nasu ne. Dagaci da liman da wakiliyar mata da tsofaffin ɗalibai suna zama sau ɗaya a zango, hedimasta ya buɗe littafin gyara ya karanta abin da ya lalace da abin da zai ci. Bayan kaka akan tara dami-dami a sayar. Ƙoƙarinsu ba ya sauke wa hukuma nauyinta, domin jerin azuzuwan UPE ya tsufa, yana bukatar injiniya ya duba shi, kuma ƙauye ba shi da wannan ƙarfi. Abin da ya kamata shi ne kowace makaranta ta riƙa samun ɗan kuɗin gyara kai tsaye duk zango, a kuma aiko mai duba gini sau ɗaya a shekara, kafin damina. Uban da ya sallami ɗansa da safe amana ya ba da, kuma riƙe ta ya haɗa da tabbatar da cewa rufin da yaron ke zaune a ƙarƙashinsa ba zai faɗo ba.