Kakin Ƙamshi A Potiskum: Zafin Rana Ne Ke Yanke Hukuncin Riba Ko Faɗuwa

Potiskum, Jihar Yobe. A ƙasar Borno da Yobe, turaren wuta da humra tsohuwar sana'a ce da mata suka gada kaka da kakanni. A 'yan shekarun nan kuma wata sabuwar haja ta fara leƙo kasuwar ƙamshi, wato kakin ƙamshi. Ƙananan curi ne na kaki da aka gauraya da turare, ba su da lagwani irin na kyandir. Akan ɗora su a ɗan kasko mai ɗumama daga ƙasa, su narke, ƙamshi ya game ɗaki ba tare da hayaƙi ba.

Ga mai niyyar zuba jari a wannan sana'a, babbar tambaya ita ce irin kakin da zai saya. A watannin Afrilu da Mayu zafin Potiskum yakan wuce digiri 40 a ma'aunin Salsiyas, rufaffiyar mota kuwa da aka bari a rana cikinta yakan kai digiri 60. Hajar da aka ɗora wa mota zuwa Kano ko Maiduguri tana iya isa a narke, jari ya tafi tun ba a ga mai saye ba.

Kaki iri uku ne suka fi yawa a wannan harka. Na farko shi ne farafin, wanda ake samu daga ɗanyen man fetur. Shi ya fi araha, yana kuma fitar da ƙamshi da ƙarfi. Sai dai hawa-hawa ne: wani yana narkewa tun daga digiri 46, wani sai ya haura 60. Mai tauri da ake yin kyandir na tsaye da shi ne ya dace da yanayin Yobe. Matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, an gina ta da sashen samar da farafin, amma shekarun da ta yi ba ta aiki sun sa kasuwa ta dogara da na ƙasashen waje.

Na biyu shi ne kakin waken suya, wanda aka ɓullo da shi a Amurka a farkon shekarun 1990. Yana da farin jini wajen masu saye, amma akasarinsa laushi gare shi, yakan fara narkewa a wajen digiri 50. Yana kuma bukatar mako ɗaya zuwa biyu bayan haɗi kafin ƙamshi ya kama shi sosai, wato jari yana kwance ke nan. Tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, tsadar kayan waje irin wannan ta ƙaru ƙwarai.

Na uku shi ne kakin zuma, wanda ake samu a gida. Ba ya narkewa sai ya kai digiri 62 zuwa 64, don haka yana jure zafin bazara. Illarsa biyu ce: yana da tsada, kuma ƙamshinsa na zuma yakan danne turare mai sanyi. Shi ya sa masu sana'ar kan zuba kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari nasa a cikin kaki mai laushi domin ya ƙara masa tauri. A nan akwai kasuwa ga masu kiwon zuma, waɗanda da yawansu kan zubar da saƙar bayan sun matse zumar.

Kasancewar Potiskum gida ga ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma, wani zai yi sha'awar gwada kitse saboda arha. Kitse kuwa yana saurin laushi, kuma idan ya kwana biyu yakan yi ƙarni, ya ɓata turare mai tsada.

Wajen haɗi ma akwai lissafi. Kilo ɗaya na kaki yakan riƙe giram 60 zuwa 100 na turare. Abin da ya wuce haka sai ya tsatso waje kamar gumi, ga shi kuwa turare ya fi kaki tsada nesa ba kusa ba. Bugu da ƙari, turaren mai ne kaɗai ke haɗuwa da kaki. Humrar da ke da ruwa a ciki rabuwa take yi da shi.

Hanya mafi sauƙi ta kare jari ita ce gwaji kafin sari. Mai sana'a ya haɗa kaɗan, ya ajiye a shagon kwano na tsawon mako guda cikin bazara. Wanda ya fito da taurinsa da ƙamshinsa, shi ya cancanci a saye shi da buhu.