Injin Ban Ruwa Ya Yi Zafi Ya Ƙi Tashi: Me Za Mu Yi?

Ƴan'uwa manoma, a Dungu da sauran garuruwan kwarin Korama, noman rani shi ne rufin asirinmu. Rake da albasa da tumatir duk ruwa suke so. Da yawa daga cikinmu sun ajiye jigo sun koma ga injin ban ruwa. Amma akwai wata matsala da muka sha gani a fadama. Da safe inji yana tashi da ja ɗaya. Da rana, in an kashe shi, sai a yi ta jan igiya har hannu ya gaji, ya ƙi tashi. Ga fangali yana bushewa. Wani sai ya garzaya Matameye ya sayo kayan da ba su ne suka lalace ba.

Sau da yawa injin bai mutu ba, zafi ne ya dame shi. Inji yana bukatar mai da iska da wuta kafin ya tashi. Wannan ƙaramin inji kuwa iska ce ke sanyaya shi, ba ruwan da yake ja ba. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40.

Mu duba abubuwan nan bi da bi.

1. Mu bar shi ya huta minti 15. Zafi yana mai da fetur tururi a cikin kabureta. In ya huce, man zai sake gudana daidai.

2. Mu duba cok, wato ƴar sandar da ke rufe hanyar iska. Injin da ya kwana shi ake rufe wa cok. In an rufe wa mai zafi, mai zai yi masa yawa ya shaƙe shi. Mu buɗe cok, sannan mu ja igiya.

3. Mu kwance murfin tanki. Yana da wata ƴar kafa ta shigar iska. In ƙura ta toshe ta, mai ba zai sauka ba. In inji ya tashi bayan an sassauta murfin, mun gano laifin.

4. Mu auna baƙin mai. Injuna da yawa suna yanke wuta da kansu in baƙin mai ya ragu, ko in an girke su a karkace. Mu daidaita masa zama, mu cika man.

5. Mu cire buji, wanda wasu ke kira fulogi. In ya jiƙe ko ya yi baƙi, mu goge shi. Mu mai da masa wayarsa, mu jingina shi ga ƙarfen inji, nesa da fetur, mu ja igiya. Ya kamata mu ga shuɗiyar wuta. In ana samun wuta da sanyi amma babu ita da zafi, ko da sabon buji, to kwayil ne ya gaji.

In duk wannan bai yi ba, mu kira makanike ya duba bawul. Ƙarfe yana buɗewa da zafi, sai bawul ya kasa rufuwa sosai.

Mu kula da lafiyarmu. Kada mu watsa wa inji mai zafi ruwa, ƙarfensa yana iya tsagewa. Kada mu zuba masa fetur sai ya huce. Kada mu tada shi cikin rijiya ko cikin ɗaki, domin a hayaƙinsa akwai guba marar wari mai kashe mutum.

Rigakafi ya fi magani. Mu yi wa inji rumfa mai tsayi wadda iska ke ratsawa. Mu riƙa share ƙura da ciyawa daga jikinsa, mu wanke matatar iska. Mu canja baƙin mai bayan awa 20 na farko, daga nan duk bayan awa 100. Kafin mu kashe shi, mu rage masa wuta na minti 2.

Tun da mun iya rubutu, mu sami ɗan littafi mu riƙa rubuta awoyin aiki da ranar canjin mai. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa na fadama.