Kurkum da Cutar Mantuwa: Ina Gaskiyar Take?

Saƙonni na ta yawo a WhatsApp cewa wai cokalin kurkum kowace safiya yana dawo wa tsoho da tunaninsa, wai kuma masana sun tabbatar. Haɗarin maganar shi ne akwai ƙwayar gaskiya a cikinta.

A ƙwaƙwalwar mai cutar Alzheimer, ƙwayoyin garkuwa da ake kira maikurogiliya, waɗanda aikinsu share dattin furotin, sukan harzuƙa su ƙi lafawa, har su riƙa lahanta jijiyoyin da suke karewa. Wannan shi ake kira kumburin ƙwaƙwalwa. Sinadarin kurkumin da ke cikin kurkum kuwa ya rage shi a gwajin ɓeraye.

To amma ɓera ba mutum ba ne. Kurkumin ɗan kaɗan ne a cikin garin kurkum. Hanji ba ya tsotsarsa sosai, wanda ya shiga jini kuma hanta ta yi maza ta sarrafa shi. Abin da ya tsira sai ya tarar da shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Ɗibar ruwa ce da kwando.

An gwada sinadarin kurkumin a kan masu cutar Alzheimer a Hong Kong, aka fitar da sakamako a 2008, sannan a Amurka a 2012. Duka biyun ba a ga tunaninsu ya gyaru ba. Ganyen ginkgo ma an jarraba shi a kan tsofaffi sama da 3,000 a Amurka, bai hana cutar ba. Kafson kurkum mai ƙarfi kuwa yana iya cutarwa: a Italiya, a 2019, an samu masu ciwon hanta bayan shan irinsa.

Ba raina tsirrai ake yi ba. Galantamin da likitoci ke rubuta wa masu Alzheimer daga fure aka samo shi, amma sai da ya bi ta gwaji aka san awonsa. Shi ya sa abin ke da ciwo a ga masu tallan maganin tsirrai na cika baki a rediyo, hukuma ta zuba ido.

Mu bar cewa mantuwa gigin tsufa ce kawai. Wata mantuwar daga ƙarancin bitamin B12 take, kuma tana jin magani. A kai tsoho asibiti, a kula da hawan jininsa da sukarinsa, a duba jinsa, kada a bar shi cikin kaɗaici. Kurkum ya ci gaba da zama a tukunya.