Itacen Tuffa a Tsakar Gidan Nima: Abin da Zai Yi da Abin da Ba Zai Yi Ba

Duk wanda ya bi babban titin Nima ko kasuwar Maamobi zai ga 'yan talla da tuffa, ja da kore, an ƙulle su uku-uku cikin leda. Akasarinta daga Afirka ta Kudu ake shigo da ita. Ganin yadda take cin kuɗi ya sa wasu magidanta ke tunanin mai zai hana mutum ya shuka tasa a tsakar gida. Tunanin mai kyau ne, amma kafin a ɓatar da kuɗin cefane wajen sayen dashe, ya kamata a san halin wannan itace.

Tuffa itacen ƙasar sanyi ce. Yawancin irinta sai ta yi barcin hunturu na kusan awa 800 zuwa 1,000 cikin sanyin da bai kai digiri 7 ba, sannan ta farka ta yi fure. A nan Ankara kuwa, ko a tsakiyar hunturu da wuya a sauka ƙasa da digiri 20. Don haka wanda ya ci tuffa ya binne ƙwayarta a gwangwani zai iya ganin ta tsiro, ta yi ganye, har ya yi ta nuna wa baƙi, amma 'ya'ya sai dai ya ji labari. Ko a Turai ma itacen da aka tayar daga ƙwaya yakan yi shekara 6 zuwa 10 kafin ya haihu, kuma abin da zai haifa ba lalle ya yi kama da wadda aka ci ba. Shi ya sa manomanta ba sa dasa sai mai aure.

Ba wai ba a noman tuffa a ƙasashen zafi ba ne sam. Akwai iri biyu da suka yi suna wajen haƙuri da rashin sanyi: Anna, wadda aka fitar a Isra'ila, da Dorsett Golden ta tsibiran Bahamas. Ana dasa su tare don furen wannan ya taimaki na waccan. A garin Batu da ke tsibirin Java a Indonesiya, manoma kan tsige ganyen itacen da hannu bayan an cire 'ya'ya, su lanƙwasa rassan a kwance, sai itacen ya ɗauka hunturu ya wuce ya sake fure, har su girbe sau biyu a shekara. Ana yin ta a Kabale ta Yuganda, da kuma tudun Jos a Nijeriya. Sai dai mai karatu ya lura, duk wuraren nan kan tudu suke; Jos kaɗai ta kai kimanin mita 1,200 sama da teku, mu kuwa a bakin tekun muke zaune. Wanda ke da fili a Amedzofe ko Abetifi, inda dare ke da sanyi, shi ne ya fi kusa da hujjar gwadawa. Kuma kada wani ya ce zai sa ɗan'uwa ya ɓoyo masa dashe cikin jaka daga waje: dokar tsirrai da taki ta 2010 ta ce sai da izinin Ma'aikatar Abinci da Noma, saboda cututtukan da ke bin saiwa da ƙasa.

To, me ya rage wa mai ƙaramin ƙarfi? Abubuwa da yawa. Gwanda ce ta fi saurin biyan wahala, domin cikin wata 9 zuwa 12 takan fara ba da 'ya'ya, kuma irinta kyauta ne: a tsame shi daga nunanniyar gwanda mai daɗi, a wanke, a shanya a inuwa. A zuba ƙwaya uku ko huɗu a rami ɗaya, saboda akwai namiji wanda fure kawai yake yi. In sun nuna kansu sai a bar mai haihuwa. Gwaiba da lemun tsami masu aure kan ɗauki shekara 2 zuwa 3, kuma suna zama lafiya cikin rabin duro.

Maganar duron nan ita ce zuciyar al'amarin, domin yawancin gidajenmu na Zango siminti ne daga ƙofa har bayan gida, ga shi mutane da yawa haya suke yi. A sami tsohon duro mai cin lita 200, wanda aka tabbata ba a zuba guba ko maganin ƙwari cikinsa ba, a raba shi biyu, a huda ramuka a gindi, a jera tsakuwa, sannan a cika da baƙar ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Taki ba abin saya ba ne a unguwar da kusan kowane lungu akwai awaki da tumaki, amma a bari ya kwana biyu ya huce, don ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Ɗan haya da ya dasa a duro, ran da ya tashi sai ya ɗora itacensa a mota. Wanda ya dasa a ƙasar mai gida kuwa ya bar wa mai gida, kuma an sha yin rigima a kan haka.

Mangwaro fa? Kowa na sonsa, ga Keitt da Kent masu aure ana samu wajen masu renon dashe a Dodowa da Somanya, suna haihuwa cikin shekara 3 zuwa 4. A ganina bai dace da matsattsen gida ba. Yana son filin mita 8 ko fiye, saiwarsa kan tsaga katanga, rassansa su hau rufin maƙwabci. A bar shi ga harabar masallaci da makarantar Islamiyya, ko ga wanda ya sayi fuloti wajen Kasoa ko Ashaiman.

Lokacin dashe shi ne Afrilu zuwa Mayu, farkon babbar damina, don saiwa ta kama kafin ruwa ya ɗauke a Agusta. Da rani jarka guda mai lita 20 takan ishi duro biyu kwana biyu ko uku. Ruwan alwala da na wankin shinkafa in an tara a bokiti ya wadatar. Ruwan wanki mai omo da na kwata ne ba a so. A rufe saman ƙasar da busasshen ganye don ta riƙe laima.

Sai abokan gaba. Ƙudan 'ya'yan itace, wanda ya addabi manoman mangwaro a Gana tun wajen 2005, yana huda gwaiba ya saka ƙwai a ciki. Maganinsa mai araha shi ne a ɗaure kowace gwaiba cikin jakar takarda tun tana ƙarama, a kuma binne duk wadda ta faɗo. Farin ƙwaron da ke manne wa ganyen gwanda ana rage shi da jiƙon ganyen darbejiya da ɗan sabulu. Amma babban ɓarawo shi ne ragon layya. Dashen da aka yi wata shida ana reno, rago kan gama da shi kafin a dawo daga sallar Azahar, don haka shingen waya ko na tsofaffin katakai ya riga dashen isowa gida.

Tun ranar dashen itatuwa ta Green Ghana da aka fara a watan Yuni na 2021, Hukumar Gandun Daji ta raba dashe kyauta a lokutan irin wannan gangami, har da na 'ya'yan itace. Yana da kyau kwamitocin masallatai su riƙa tuntuɓar ofishinta kafin damina. Wanda zai saya kuma ya duba gindin dashen da kyau: in bai ga tabon aure ba, wato inda aka haɗa reshe da gindi, ya mayar da kuɗinsa aljihu ya ƙara gaba.