RAMPURI: Wuƙar da fim ɗin Indiya ya ɗaukaka, kuma ya kassara masu ƙera ta

DUK wanda ya saba kallon tsofaffin finafinan Indiya ya san wannan wurin. Jarumi ya shigo lungu da daddare, sai ga yaran bos sun zagaye shi. Can sai ɗaya daga cikinsu, mai ɗan kyalle a wuya da tabo a kumatu, ya sa hannu a aljihu ya zaro wani abu mai kama da kifi. Ya danna, sai ka ji "ƙaras!", ruwan wuƙa ya yi tsalle ya fito yana ƙyalli. A zamanin da ake cika silimar Plaza da El-Dorado a Kano, a daidai nan ne ihu ke tashi, domin kowa ya san yanzu za a daku.

To, wannan wuƙa tana da suna, tana da gari, kuma tana da mutanen da suka ci abinci da ita kaka da kakanni. Sunanta Rampuri. Labarinta ya isa a yi masa fim na kansa, domin finafinan da suka kai sunanta duniya su ne kuma suka taimaka wajen rufe maƙerun da ake yin ta.

GARIN DA TA FITO

Rampur gari ne a Jihar Uttar Pradesh, kimanin kilomita 200 gabas da birnin Delhi, kuma mafi yawan mazauna cikinsa Musulmi ne. A shekarar 1774 Nawab Faizullah Khan ya kafa masarautar. Sarakunan garin, waɗanda ake kira Nawab, sun yi suna wajen tara malamai, mawaƙa da masu sana'ar hannu a fadarsu. Har yau akwai babban ɗakin karatu na Raza a garin, mai ɗauke da dubban littattafan da aka rubuta da hannu. A inuwar wannan fada ne sana'ar ƙera wuƙa ta yi ƙarfi, har garin ya samu kasuwa guda da ake kira Chaku Bazar, wato kasuwar wuƙaƙe, domin da harshen Indiyanci "chaku" shi ne wuƙa.

Rampuri ta asali wuƙa ce mai naɗewa. Ruwanta yana shigewa cikin ƙota, don haka ba ta buƙatar kube. Tsawon ruwan yakan kai inci 9 zuwa 12, kaifinsa ta gefe ɗaya. Ƙotar sau da yawa ta tagulla ce, a yi mata zane, a fitar mata da siffar kifi. Amma inda gwanintar take shi ne a ciki: wani ɗan ƙarfe mai tsalle da ke riƙe ruwan, ya kuma sake shi idan an danna. In maƙeri bai iya ba, ko dai wuƙar ta ƙi buɗewa, ko ta buɗe a aljihun mai ita. Shi ya sa ba kowane mai zuga-zugi ke taɓa aikin ba.

YADDA TA SHIGA FIM

Daga shekarun 1960 zuwa na 1970, zamanin su Pran, Ajit, Madan Puri, Prem Chopra da Ranjeet, da wuya a gama fim ba a ga wani cikin yaran bos ya zaro wuƙa mai dannawa ba. Dalilin a fili yake. Darakta yana son abin da zai nuna wa ɗan kallo cewa wannan mutumin mugu ne ba tare da dogon bayani ba. Rampuri tana da ƙara, tana da ƙyalli, ga ta da arha. Danna ta sau ɗaya ya fi jawabin minti biyar.

Masu kallo ba su manta da fim ɗin 'Waqt' na 1965 ba, wanda Yash Chopra ya ba da umarni. A ciki ne Madan Puri ya zare wa Raaj Kumar wuƙa, shi kuwa gogan ko gezau, sai ma ya ja masa kunne cewa wannan ba kayan wasan yara ba ne, in ta yanki hannu jini zai fito. Wannan magana ta zama karin magana a Indiya, har yau ana maimaita ta.

Sai kuma 'Zanjeer' na 1973, fim ɗin Prakash Mehra da ya mai da Amitabh Bachchan babban jarumi. Mutane da yawa suna tuna Amita da Sher Khan, wato Pran, amma sun manta sana'ar jarumar. Jaya Bhaduri ta fito a matsayin Mala, yarinya mai yawo unguwa-unguwa tana wasa wa mutane wuƙaƙe don ta samu abin sawa a bakin salati. Ga wuƙa a hannun mai neman halal ke nan. Sai dai irin wannan fitowar ba ta da yawa. A mafi yawan finafinai, wanda ya riƙe Rampuri ɗan iska ne, kuma ƙarshensa ko hannun 'yan sanda ko kushewa.

KURA DA SHAN BUGU

Da farko maƙeran Rampur sun ji daɗin wannan talla ta kyauta. Matafiyi in ya bi ta garin sai ya sayi guda ya kai tsaraba. Amma fa ba masu tsaraba kaɗai ke saye ba. 'Yan iskan gari na gaske su ma sun ga fim, su ma suna son a ji "ƙaras!" ɗin nan kafin su ce a ba su agogo. Sannu a hankali sunan garin ya haɗu da sunan ta'addanci, har ta kai in an ce Rampuri, abin da ke zuwa ran mutum shi ne fashi a lungu.

Ita kuwa hukuma ba ta zauna ba. Dama tun 1959 Indiya na da dokar makamai, wadda ƙa'idojinta suka sa wuƙar da ruwanta ya wuce inci 9 a jerin abubuwan da sai da lasin, in ba ta aikin gida ko gona ba ce. A tsakiyar shekarun 1990 gwamnatin Uttar Pradesh ta ƙara matsawa, ta hana ƙera irin waɗannan wuƙaƙe idan ruwansu ya wuce inci huɗu da rabi. Ka ga an yanke Rampuri da fiye da rabi ke nan. Ana cikin haka wuƙaƙen Chana masu arha, waɗanda inji ke bugawa dubu-dubu, suka cika kasuwa. Maƙerin da ke shafe awanni a kan wuƙa ɗaya ina zai iya da inji? Da yawa suka rufe shaguna, 'ya'yansu suka kama wasu sana'o'in.

Abin takaicin, a daidai lokacin ne fim ɗin ma ya juya mata baya. A 'Satya' na 1998 da 'Vaastav' na 1999, inda Sanjay Dutt, wanda 'yan kallon Kano suka raɗa wa Ɗan Daba Mai Lasin, ya fito, bindiga ce ke magana. Furodusoshi sun ci kuɗinsu sun yi gaba, an bar maƙera da baƙin suna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Ba a Indiya kaɗai aka yi haka ba. A Amurka, bayan an ga faɗan wuƙa mai dannawa a fim ɗin James Dean, 'Rebel Without a Cause' na 1955, da kuma wasan 'West Side Story' na 1957, jaridu suka yi ta kururuwa a kan matasa 'yan daba. A 1958 aka kafa dokar hana shigo da ita ƙasar da kuma kai ta daga jiha zuwa jiha don sayarwa. Ingila ta bi sahu a 1959.

MASU TARA WUƘAƘE

Wani abin mamaki, waɗanda suka hana irin waɗannan wuƙaƙe ɓacewa su ne masu sha'awar tara su. Kamar yadda wani ke tara tsofaffin kaset-kaset ko fastocin fim, haka wasu ke tara wuƙaƙen aljihu na gargajiya, kowace da ƙasarta da tarihinta.

Akwai Opinel ta Faransa, wadda Joseph Opinel ya fara yi a 1890 a yankin Savoie. Ƙotarta ta katako ce, kuma a 1955 aka ƙara mata wani zobe a wuya da ake murɗawa don kada ta rufe a kan yatsa. Manomi na yanka burodi da cuku da ita. Akwai Okapi, wadda aka fara a garin Solingen na Jamus a 1902 don kasuwannin Afirka, daga baya a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Akwai kuma jar wuƙar sojan Suwizalan mai almakashi da abin kwance noti, wadda jarumin shirin 'MacGyver' (1985 zuwa 1992) ya riƙa fita daga kowace matsala da ita. Lura da kyau, mai karatu: shi wannan jarumin ba ya riƙe bindiga, wuƙarsa kayan aiki ce. Shirin ya ƙara mata farin jini, babu wanda ya nemi a hana ta saboda shi.

Me mai tarawa ke dubawa? Yana duba tambarin maƙeri a gindin ruwan. Yana duba ƙotar, ta ƙaho ce, ta katako ko ta tagulla. Yana buɗewa ya rufe, ya ji ko ƙarfen ciki na nan da ƙarfinsa. Ba ya goge tsohuwar wuƙa har ta yi fari fat, domin duhun da shekaru suka sa mata yana cikin darajarta. Ɗan mai kawai yake shafa mata don tsatsa, ya ajiye inda babu laima kuma inda hannun yara ba ya kaiwa.

Batun yawo da ita kuwa, nan ne ake rabuwa. Masu wannan sha'awa sun san doka kamar yunwar cikinsu. A Ingila, misali, wuƙa mai naɗewa wadda ba ta kullewa, kuma ruwanta bai wuce inci 3 ba, ita ce mutum zai iya sawa a aljihu ba tare da an nemi dalili ba. Tun bayan harin 11 ga Satumba, 2001 kuwa, aka tsaurara hana shiga jirgin sama da wuƙa a jiki, abin da ya girgiza cinikin kamfanonin Suwizalan, har Victorinox ya saye abokin gasarsa Wenger a 2005.

INA RUWAN ƊAN KALLON KANO?

Da ruwansa kuwa. A nan ma wuƙa tana hannun mahauci, da mai tsire, da dukawa masu aikin fata, da uwargida a kicin, kuma maƙerin da ya ƙera ta mutum ne mai mutunci a unguwa. Amma kowa ya san gidajen da aka yi zaman makoki saboda faɗan daba ko ƙwacen waya, kuma yaron da ya soke ɗan'uwansa sau tari bai fi shekarun masu karanta wannan shafi ba. A 2021 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane, shan ƙwaya da ƙwacen waya. Ko mutum ya yarda da matakin ko bai yarda ba, tsoron da ya haife shi iri ɗaya ne da na Amurka a 1958.

Don haka daraktocin finafinan Hausa su yi tunani kafin su ɗora kyamara a kan yaro yana lasar wuƙa, kiɗa na tashi, ana yi masa kirari. Shi kuma matashi ɗan kallo ya tuna cewa ɗan wasan da ya gani an soke, da an ce "kot" tashi yake ya wanke jan ruwan ya tafi cin abinci. A lungun unguwa babu mai cewa "kot".

Su ma mutanen Rampur suna ƙoƙarin wanke sunan garinsu. A 2023 hukumomin garin suka kafa wata ƙatuwar Rampuri mai tsawon mita 6.10, wato kusan ƙafa 20, a wani shataletale, don tunawa da sana'ar da kuma jawo baƙi. Yanzu masu wucewa na tsayawa su ɗauki hoto a gabanta, wasu su ƙarasa kasuwa wajen 'yan maƙeran da suka rage su sayi ƙarama, mai ruwan da doka ta yarda da shi, su kai gida tsaraba.